Ɗan Ba Ko Ɗan Fa

Shafi na 27

Da sunan Allah nake farawa. Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse za ki daina karantawa in na sake tausaya wa Abdulghani, sai dai ki shirya kaffara, don yau ma tausayinsa nake ji, ko da yake haushinsa ya fi yawa.

*

Jidda, 1968.

Suna cikin gangarawa ɗakin injin jirgin ruwan, Ustaz Bello ya tsaya a tsakiyar matakalar ƙarfe, ya juyo ya dubi ɗalibansa.

"Ku buɗe kunnuwanku. Na gaji da koya muku Turanci a ɗaki, daga ni sai allo. Yau ga masu abin na kawo ku wurinsu. Duk wanda na ji Larabci ko Hausa a bakinsa cikin jirgin nan, wallahi a ƙafa zai koma unguwarmu ta Sabil."

Aka kwashe da dariya.

Ɗaliban nan fa ba yara ba ne. Magidanta ne da gemunsu, masu dako da direbobi da teloli, kowa ya sha farar jallabiya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Bayan la'asar suke haɗuwa neman Turancin da zai raba su da ɗaukar buhu. Yau kuwa da hantsi suka fito, kuma akwai abin da ya fi yawon buɗe ido, don kamfanin da ke kula da jirgin ya yi wa Ustaz alkawarin ɗaukar mutum ɗaya akawun kaya a mina, wato tashar jiragen. Sharaɗin shi ne ya iya Turanci, kuma ya kasance ɗan ƙasa mai tabi'iyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kowa ya san aikin bai wuce tsakanin mutum biyu ba, Abdulghani da Othman, ɗan ƙanin umda, wato mai unguwarsu.

Shi Ustaz Bello Bahaushen Sudan ne. Tun ranar farko ya raba ajinsa gida biyu saboda harafin P, wanda ya gagari kowa. Haihuwar Jidda Larabci ya riga ya kama musu harshe, sai su mai da shi B. Waɗanda suka zo daga gida kuwa F suke mai da shi. Yakan ɗora ɗan ƙullin auduga a tafin hannunsa, ya kai bakin mutum ya ce faɗi mu ji. 'Yan Ba su yi ta fama audugar ko motsi, 'Yan Fa kuma su hure ta har ƙasa.

"Ni ba na tambayar takardar kowa," in ji shi. "Bakinku ne iƙamarku, shi ne takardar zamanku a ƙasar nan."

Ku da kuka biyo ni tun farko kun san abin da ajin nan bai sani ba. Abdulghani da ke zaune a sahun gaba na 'Yan Ba ba haihuwar Jidda ba ne, ba ma Abdulghanin ba ne. Rafi'u ne, ɗan Mai Famfon tashar jirgin ƙasa ta Nguru, wanda ya biyo mahaifinsa hajji ta ƙasa yana ɗan yaro. Suna sauka uban ya cika a karantina, inda ake killace alhazai. Wata Bahaushiya haihuwar Makka mai suna Fatsuma, wadda nata ɗan ya rasu a wannan makon, ta tsince shi a gindin bango, ta yafa masa sunan mamacin, ta tare a Jidda inda ba wanda ya san fuskar ɗanta. Da sunan nan ya girma, da shi aka yi masa tabi'iyya.

Kun kuma san Na'ibi da ke can baya cikin 'Yan Fa yayansa ne, ciki ɗaya.

Aikin hajji ya kawo shi bai koma ba, ya tsaya yana dako a wani sito yana cigiyar ƙaninsa. Ajin ma ba son Turanci ya kawo shi ba, cewa aka yi nan Hausawan mina ke taruwa. Ranar da ya fara zuwa ya miƙe ya faɗi garinsu da sana'ar ubansa, ya bi kowa da tambaya. Da ya iso kan Abdulghani, gogan naku ya ɗaga kafaɗa.

"Ma a'rif, ya shekh. Ban sani ba. Ni a nan aka haife ni."

Tun daga ranar ya zama sarkin tsokanar 'Yan Fa, wai don kada kowa ya kawo komai a ransa.

*

Ɗakin injin zafi kamar gidan burodi. Babban injiniyan, wani tsohon Bature da fuskarsa ta yi jajir, yana tafe da tsumma a hannu yana nuna musu abubuwa.

Ya bubbuga wani bututu.

"Wat is dis?"

Othman ya yi caraf. "Bayib, mista!"

Wani tela daga baya ya ce, "Fayif!"

Baturen ya dubi wannan ya dubi wancan, ya fashe da dariya. Ustaz Bello ya dafe kai.

Suka matsa wani lungu. A nan ne ƙaddara ta tsuguna tana jiran Abdulghani.

Wani tsohon famfon tururi ne, hannunsa na ƙarfe yana kai yana komowa, fush-tak, fush-tak, yana fesar da ɗan farin tururi ta gefe. Ƙamshin baƙin mai da ruwan zafi ya daki hancin Abdulghani. Rabonsa da wannan ƙamshi tun yana bin mahaifinsa ɗakin famfo da ƙwaryar fura a kai. Jirgin ya ɓace masa, Jidda ta ɓace masa. Mahaifinsa kawai yake gani cikin gajeren wandon kaki, ranar da Baturen reluwe ke zuwa duba aiki, ya ƙame ya haɗa dugadugai, shi da Na'ibi suna laɓe bayan tanki suna kwaikwayonsa suna danne dariya.

"An dis wan?" in ji injiniyan.

'Yan aji suka dubi juna.

Abdulghani bai san lokacin da ya ɗora hannu a kan ƙarfen ba. Bai san lokacin da dugadugansa suka haɗu ba.

"Wata famf! Ol karet, sa!"

Har da sarawa.

Ai kuwa Baturen ya jefar da tsumma ya riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya zubo Turanci, ya ce rabonsa da jin wannan "sa" ɗin tun yana aiki a Ikko, ya tambaya ko mutumin nan ɗan Najeriya ne.

Jikin Abdulghani ya yi sanyi ƙalau cikin wannan zafi.

Ustaz Bello ya dube shi, kallon da bai wuce ƙiftawar ido ba, sannan ya yi murmushi ya ce wa Baturen a'a, haihuwar nan ne, gwanin kwaikwayon 'yan ajin ne kawai.

'Yan aji suka ɗauka.

"Ya salam, har a gaban Bature sai ka tsokane su!"

"Famf! Wallahi kamar Na'ibi!"

Injiniyan ya zaro alƙalami daga aljihunsa ya ba shi kyauta, ya dafa kafaɗarsa.

Othman ma ya yi dariya, amma rabi ya yi ya tsaya.

Mutum ɗaya ne bai ko murmusa ba. Na'ibi ya riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu, hularsa ta faɗi ƙasa bai san ta faɗi ba.

*

A motar komawa Abdulghani bai juya baya ba ko sau ɗaya. Tana tsayawa a Sabil ya dira, ko sallama bai yi wa Ustaz ba, ya faɗa lungu yana sauri.

Gidan Fatsuma na katako ne da kwano. A tsakar gida kaskon da take soya gyaɗar sayarwa yana kan murhu, yashin ciki bai gama hucewa ba. Labulen ɗakinta a sake, alamar ta ɗan kishingiɗa bayan azahar.

Yana juyowa zai tura ƙyaure, sai ga ƙafa a bakin ƙofar.

"Salamu alaikum."

Na'ibi ne, kai babu hula.

"Wa alaikumus salam. Esh fi? Lafiya?"

"Lafiya ce ta kawo ni. Ruwa zan sha."

Ba a hana baƙo ruwa. Abdulghani ya ɗebo a randa ya miƙa masa. Na'ibi ya karɓa ya ajiye a ƙasa bai sha ba.

"Malam Abdulghani, tambaya gare ni."

"Dahhin? Yanzu? Ummi tana barci."

"A hankali zan yi. Maganar da ka yi a jirgi, a ina ka ji ta?"

"Wasa ne, ya shekh. Ku nake kwaikwayo."

"Mu wa?"

"Ku 'Yan Fa."

"Ka taɓa jin na ce ol karet?"

Abdulghani ya kau da kai.

"Ka taɓa jin wani a ajin nan ya ce ol karet? Ustaz ya taɓa koya mana?"

"Wataƙila a mina na ji."

"Da sarawar? Da ɗan yatsan nan da ka lanƙwasa?" Na'ibi ya ɗaga hannunsa na dama, ya naɗe ƙaramin yatsan. "Babanmu ƙarfen famfo ya taɓa datse masa wannan, ba ya miƙuwa. Haka yake sarawa. Mu biyu ne a duniya muke kwaikwayon yatsan nan, ni da ƙanena. Ni dai ga ni."

Abdulghani ya dubi nasa hannun. Wallahi har lokacin yatsan a naɗe yake. Ya yi maza ya cusa shi cikin aljihu.

"Ana Abdulghani, ni Abdulghani ne. Uwata Fatsuma, tana ciki. Halas."

"Ban ce ba kai ba ne."

"To me kake so?"

"Dube ni."

Ya ƙi.

"Dube ni mana. Ai a aji kana duba na in za ka yi dariyar bakina."

Wannan ta shige shi. Ya jingina da bango.

Na'ibi ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun ranar da na fara ganinka na ce wannan tafiya irin ta Baba ce. Na ce wa zuciyata ke dai kin cika neman abin da babu. Mutum yana zuba Larabci kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi, Hausarsa ma a karkace, ina shi ina Nguru? Ashe karkatar da ita kake yi."

"Ka rage murya."

"Kullum ina zaune a bayanka ina kallon ƙeyarka. Na bi asibiti, na bi maƙabarta, na je Makka na je Madina, duk baƙin mutumin da na gani sai na tsayar da shi. In dawo aji da ƙafa a kumbure, ka juyo ka ce, 'Ya ɗan Fa, ce fefa mu ji.'"

"Na ce ka rage murya!"

"Ranar da aka nuna mini wani kabari aka ce na wani yaron alhazai ne, na zo aji na kasa riƙe hawaye. Ka tuna abin da ka yi?"

Ya tuna. Ina ma bai tuna ba.

"Shayi ka miƙo mini. Ka ce, 'Ma'alesh, ya akhi, sai haƙuri.'"

Abdulghani ya sunkuyar da kai. Ya zame ya tsuguna a gindin bango, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Yaya..."

Shi ke nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kuna tsammanin Na'ibi zai rungume shi ko? Ni ma haka na so. Amma mutumin da aka bari yana yawo a rana alhali abin da yake nema yana gabansa a inuwa, ba nan take zuciyarsa ke saukowa ba. Tsayawa ya yi yana kallonsa.

"Yanzu na zama Yaya."

"Wallahi ranar da ka faɗi sunan Baba a aji, da ƙyar na kai gida. Sau nawa na biyo ka har ƙofar sito in faɗa maka, in juya."

"Me ya juyar da kai?"

"Tsoro."

"Tsorona?"

"Yaya, ba ka san garin nan ba. Sunan da nake amsawa na mamaci ne. Tabi'iyyata a kansa take. Ranar da aka sani, ni a jefa ni jirgi, wannan da sauƙi. Ita fa?" Ya nuna labulen da haɓa. "Ita ta tsaya gaban hukuma ta ce ɗanta ne ni. Tsohuwa ce, ido ɗaya ya tafi. Gyaɗar nan ta soya ta ciyar da ni, hannunta duk ƙuna. In kai ta kurkuku da bakina?"

"Ita ce uwa. Wadda ta haife ka kuma fa?"

Abdulghani ya ɗago da sauri. Tambayar da ya kasa yi tun zuwan Na'ibi ce ta fito da ƙyar.

"Inna... tana nan?"

"Sai yau ka ga damar tambaya."

"Don Allah."

"Tana nan. Ta tsufa, amma tana nan. Da alhazai suka kawo labarin Baba ta yi takabarta. Aka ce a haɗa da kai a yi sadaka, ta ce wa ya ga gawarka? Duk shekara in jirgin alhazai ya shigo Nguru, Turai matar Mai Famfo tana tasha tun kafin masu tura kura. Mutane har sun daina yi mata magana."

Na'ibi ya share fuska da hannun riga.

"Da aka haifa mini ɗa namiji na ce zan sa masa Rafi'u. Ta ce ban isa ba. Ta ce mai sunan yana nan tafe, kada a kira ɗaya biyu su amsa."

Kukan da Abdulghani ke dannewa ya ƙwace. Ya cusa bakin jallabiyarsa a baki don kada a ji a ɗaki. Nadama ce irin wadda ba ta da inda za ta je, don ko ya mutu yau ba zai dawo wa matar nan da tsayuwar da ta yi a tasha ba.

Na'ibi ya bar shi ya yi mai isarsa.

"Tashi, ba kuka na zo ji ba. Kafilina, Balaraben da ya tsaya mini, ya ƙi sabunta mini iƙama. Jibi zan shiga jirgin Fot Sudan." Ya yi wani murmushi mai ɗaci. "Ko Bor Sudan zan ce don ka gane?"

"Jibi?"

"Ba cewa na yi ka biyo ni ba. Riƙe sunanka, riƙe aikin akawunka, na ga ma Baturen ya yaba da kai. Abu ɗaya nake so. Me zan ce wa Inna?"

"Ka ce... ka ce ba ka same shi ba."

"Ba ta bar mini wannan ƙofar ba. Ranar da zan taho Alƙur'ani ta sa na dafa. Ta ce kada in dawo mata da ban sani ba. Ko rai, ko kabari."

"To ka faɗa mata ita kaɗai, ta riƙe a cikinta."

"Inna? Matar da ta shekara da shekaru ana ce mata mai taɓin hankali saboda kai? Kana ganin za ta ji kana raye ta yi shiru? Kafin in ajiye jakata guɗa ta kai kasuwa."

Gaskiya ya faɗa, kuma Abdulghani ya sani. In Inna ta sani Nguru ta sani. Baɗi war haka alhazan garin za su cika Sabil da ƙullin kuka da daddawa, suna tambayar gidan Rafi'u ɗan Mai Famfo, wanda ake ce wa Abdulghani. Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a unguwar da bangon kowa katako ne.

Ya dubi labulen ɗakin Fatsuma. Ya dubi yayansa.

Bari in faɗa muku, a nan ne na ji kamar in ajiye rubutun nan in tashi.

"Mat," in ji shi, can ƙasan maƙoshi.

"Me ka ce?"

"Gul laha mat."

"A'a." Na'ibi ya girgiza kai. "Ba da Larabci ba. Inna ba ta jin Larabci, ni ma yau ba na ji. Da bakin da ka sha nononta za ka faɗa."

"Yaya, ka ji tausayina."

"Faɗi, in ɗauka in kai mata yadda ka ba ni."

Abdulghani ya runtse ido.

"Rafi'u ya rasu. A karantina. Tare da Baba."

Hausa ce tsantsa, irin ta Nguru, babu karkata ko ɗaya. Rabon da a ji ta a bakinsa tun yana yaro, kuma da ita ya binne kansa.

Na'ibi ya dube shi. Sannan ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Rafi'u. Allah ya sa ya huta. Yaro ne mai son mutane, ko rake aka ba shi sai ya karya ya ba ni rabi. Allah ya ba uwarsa haƙurin rashinsa."

Ya sauke ido kansa.

"Malam Abdulghani, ana addu'a ka yi shiru. Ka ce amin mana."

Bakin Abdulghani ya buɗe.

"Kada ka amsa!"

Labulen ya yaye. Fatsuma ce tsaye, ta dafa ƙyauren ɗaki, mayafinta a karkace. Da ganin fuskarta ka san ba yanzu ta farka ba.

"Ummi, koma ciki, baƙo ne daga..."

"Uskut. Yi mini shiru."

Ta tako a hankali har gaban Na'ibi, ta ɗaga kai tana duban fuskarsa da idonta mai gani.

"Kai ne babban?"

Na'ibi ya rusuna. "Ni ne, Hajiya."

"Goshinku ɗaya." Ta ja numfashi. "Ya waladi, ni ce mai laifi, ba shi ba. Ranar da na ɗauke shi ya faɗa mini. Ya ce yana da uwa, yana da wa, a wani gari mai jirgin ƙasa. Na toshe kunnena. Nawa ɗan ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba, na ga yaro tsawonsu ɗaya, na ce Allah ne ya mayar mini. In ya yi Hausar garinku in tsuke masa baki. In ya yi mafarki ya kira Inna, in ce ga ni."

"Ummi, ya isa."

"Bai isa ba. Ana cewa tsintacciyar mage ba ta mage, ni kuwa tawa ta zame mini ɗa, har ya fi na cikin wasu. Na ci amfanin ɗan wata, ita tana can tana tsaye a tasha." Hawaye ya gangaro ta idon da ya mutu da wanda ke gani. "Ni na rufe wa Abdulghani ido da hannun nan. Na san abin da kalmar nan take yi wa uwa. Ba za a ɗauke ta daga tsakar gidana a kai wa wata ba, alhali yaron yana tsaye yana numfashi."

"Za su kama ki!"

"Su kama. Me ya rage a jikin nan da za su tsare?"

"Wallahi ba zan bari ba. Na riga na faɗa, Yaya ya ji, halas!"

"Ba halas ba."

Ta juyo gare shi. Ta kama fuskarsa da hannayen nan nata masu tabon ƙuna. Sunan da ta hana shi tun yana yaro, sunan da ba ta taɓa bari ya fito daga bakinta ba, shi ta kira, kuma ba a hankali ba. Da ƙarfi ta kira shi, yadda uwa ke kiran ɗanta daga ƙofar gida.

"Rafi'u!"

"Na'am."

Kafin ya yi tunani kalmar ta fita daga bakinsa. Na'ibi ya saki wani irin sauti, ya durƙushe a wurin ya kama ƙafar ƙaninsa.

Ƙyauren gidan ya yi ƙara.

Ashe tun shigowar Na'ibi ba wanda ya tuna ya rufe shi.

Othman ne tsaye a bakin ƙofa, ɗan ƙanin umda, jallabiyarsa fara tas. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake wurin. A hannunsa alƙalamin nan ne da Baturen ya bayar, wanda aka manta a kujerar mota.

Ya dubi tsohuwar. Ya dubi Na'ibi a durƙushe. Sannan ya tsayar da ido a kan abokin takararsa.

"Na zo kawo wa Abdulghani alƙalaminsa ne," ya ce a hankali, yana jujjuya shi tsakanin yatsu. "Amma dahhin ban san wa zan miƙa wa ba."